Lambar Wayarsa Kaɗai Na Sani

Na daɗe ina so in ba da wannan labari, musamman saboda 'yan uwana mata da mazajensu ko 'ya'yansu ke aikin soja. Abin da ya same ni ba na so ya sami kowa, kuma da takarda guda ɗaya ana iya kauce masa.

Maigidana soja ne. Lokacin da muka yi aure yana barikin Odogbo da ke Ojoo, amma ban taɓa zama a bariki ba. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta tsufa kuma tana fama da hawan jini, sai muka yanke shawarar in zauna da ita a nan Sabo, shi kuma yana zuwa duk lokacin da ya sami sarari. A farkon 2013 aka tura su Borno. Ranar da zai tafi ya durƙusa gaban Inna ta sa masa albarka, ya juyo ya ce mini, "Kome ya faru ki buga mini waya." Na ce to. Iyakar shirin da muka yi ke nan.

Da farko kullum sai mun yi magana, ko da minti biyu ne. Sai a watan Mayu gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, bayan 'yan kwanaki kuma aka katse layukan waya a can. Wanda ya zauna a unguwar nan lokacin zai tuna yadda masu 'yan uwa a Maiduguri suka shiga damuwa. Ni dai na riƙa buga lambar safe da yamma, ana faɗa mini ba ta shiga, ina sake bugawa kamar wadda ba ta ji ba.

Ana cikin haka, wata safiya Inna ta faɗi a tsakar gida tana alwala. Maƙwabta suka taimaka muka kai ta asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, in akwai ɗanta a kira shi. Da ta ɗan farfaɗo, bakinta ya karkace, amma na gane abin da take faɗa. Sunansa take kira.

Washegari na ɗauki mayafi na shiga mota zuwa Ojoo. A ƙofar bariki wani soja ya tare ni da mutunci, na yi masa bayani. Ya ce, "Madam, mene ne lambarsa?" Na fara karanto lambar waya. Ya ce a'a, lambar aikinsa ta soja. Na yi shiru. Ya ce wace bataliya, wane kamfani? Nan ma shiru. Shekara bakwai ina auren mutum, na san girman takalminsa, na san yadda yake son shayinsa, amma ban san lambar da gwamnati ta san shi da ita ba. Suna kawai na iya faɗa, kuma masu irin sunansa a cikin soja Allah ne kaɗai ya san yawansu.

Na koma gefe ina kuka. Wata dattijuwa mai sayar da abinci kusa da ƙofar ta ce mini, "'Yata, je ki nemi Magajiya." A ranar na fara sanin cewa a bariki akwai Magajiya, wato shugabar matan sojoji, wadda ke tsakaninsu da hukuma. Ta aiki yaro ya kira ta. Da ta zo ta yi mini tambayoyi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa: yaushe suka tafi, wa ya taɓa zuwa gidanmu cikin abokansa, matar wa na sani. Daga sunan wani abokinsa ta gano rukuninsu. Ta kai ni wurin Samanja, aka duba littafi aka samo lambarsa, aka ce za a aika sigina. Ashe sojoji suna da hanyar sadarwarsu ta rediyo wadda ba ruwanta da layin waya, kuma duk rukunin da ya fita yakan bar wasu mutane a bariki da ke kula da irin wannan. Ƙofar tana nan tuntuni, ni ce ban san ta ba.

Kwana uku na ɓata kafin saƙon ya tashi. Shi kuma yana can wani ƙauye nesa da gari, sai da saƙon ya bi mataki-mataki kafin ya same shi, sannan a ba shi fas, sannan ya jira ayarin motoci. Inna ta rasu daren Alhamis, aka yi jana'izarta bayan Juma'a. Ya iso ranar Lahadi da ƙurar hanya a jikinsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Laifina ne, ni ya kamata in rubuta miki." Na san ajali ba ya jira, amma har yau in na lissafa kwanakin nan uku sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kafin ya koma muka zauna da biro da takarda. Ya rubuta cikakken sunansa yadda yake a wurin aiki, da muƙaminsa, da lambarsa, da bataliyarsa, da lambar wayar Magajiya da ta limamin bariki. A nan ne ma ya tuna cewa a takardar da soja ke cikewa ta wanda za a fara sanarwa in wani abu ya same shi, sunan mahaifinsa ne har lokacin, mutumin da ya rasu tun kafin aurenmu. Da wani abu ya faru, kabari za a je nema. Ya gyara kafin ya tafi. Takardar nan kwafi biyu ce, ɗaya a akwatina, ɗaya wurin yayansa.

Jama'ar unguwa kuma, na gode muku, don ku kuka ɗauki Inna, ku kuka yi mata sutura. Amma ina da roƙo. Matar sojan da ke zaune cikinmu ba ta da maƙwabtan bariki da za su faɗa mata abin da ake ciki, mu ne nata. Ku riƙa leƙa ta. Kuma don Allah in kun ga hoto ko labarin hari a Facebook ko WhatsApp, kada ku ruga gidanta da shi kuna cewa "an ce". Ni an taɓa shigo mini da irin wannan, na kwana biyu ban ci abinci ba, ashe tsohon hoto ne.

'Yar uwa, in mijinki ko ɗanki yana Haɗin Kai ko wani wurin daban, yau ɗin nan in ya kira ki tambaye shi lambarsa da rukuninsa, ki rubuta. In ya zo hutu ki sa ya kai ki ku gaisa da Magajiya. Allah ya jiƙan Inna, ya tsare mana su, ya dawo da su gida lafiya.