Wa Zai Yarda da Olive?

Littattafai kaɗan ne suka raba kan mata masu karatu a 'yan shekarun nan kamar The Love Hypothesis na Ali Hazelwood. Ya fito a 2021, matasa suka yi ta yayata shi a TikTok har ya shiga jerin littattafan da aka fi saye a Amurka. Marubuciyar 'yar asalin Italiya ce, ta yi digirin digirgir a fannin ƙwaƙwalwa, kuma da sunan aro take rubutu.

Labarin ba shi da wuyar faɗa. Olive Smith ɗaliba ce mai neman digirin digirgir a Jami'ar Stanford, tana bincike a kan irin ciwon dajin da ya kashe mahaifiyarta, wanda ba a cika gano shi da wuri ba. Larura ta sa ita da wani matashin farfesa mai ɗaure fuska, Adam Carlsen, suka shirya su riƙa nuna wa mutane kamar suna soyayya. Ita tana so ƙawarta ta yarda cewa ta manta da wani saurayi. Shi kuwa yana so jami'a ta daina zargin zai bar ta, ta sakar masa kuɗin bincikensa. Duk wanda ya taɓa karanta littafin soyayya ya san inda za a kwana: wasa ya zama gaske.

Masu suka sun kasu kashi biyu. Na farko sun ce shirme ne aka yafa wa farar rigar ɗakin gwaje-gwaje. Ta yaya matar da ke binciken ciwon daji za ta kasa gane cewa namiji yana sonta, alhali makaho ma ya gani? Da littattafan marubuciyar na gaba suka fito, Love on the Brain a 2022 da Love, Theoretically a 2023, ƙorafin ya ƙaru. Aka ce tuwon jiya ne ake ta ɗumamawa: 'yar ƙaramar mace mai kaifin basira, da ƙaton namiji mai shiru wanda ashe ya daɗe yana sonta. Kashi na biyu damuwarsu ta fi nauyi. Sun ce ko da Adam ba shi ne ke duba aikin Olive ba, farfesa farfesa ne, ɗaliba ɗaliba ce, kuma bai dace a shafa wa irin wannan alaƙa zuma ba.

Akwai kuma masu kare littafin da ƙarfinsu, da yawansu mata ne da ke cikin harkar kimiyya. Su abin da suka gani daban ne: albashin ɗalibi da ba ya kai ƙarshen wata, roƙon kuɗin bincike, faɗuwar gaba kafin a tsaya gaban manya a gabatar da aiki, da tunanin nan mai cin rai cewa wata rana za a gano ba ki cancanci kujerar da kike kai ba.

Ni manhaja nake rubutawa. Kimiyyar kwamfuta na karanta, a ajin da mata ba mu cika yatsun hannu biyu ba. Na yarda da masu cewa tuwon jiya ne, domin na karanta littattafan uku, kuma a na ukun ina iya faɗin abin da zai faru tun kafin in juya shafi. Amma abin da ya tsaya mini a rai wani wuri ne da ba a cika jayayya a kansa ba.

A wani taron masana a Boston, wani farfesan Harvard da ya yi wa Olive alkawarin gurbi a ɗakin bincikensa ya neme ta da lalata. Da ta ƙi, sai ya gaya mata cewa aikinta ba komai ba ne, albarkacin Adam take ci, kuma ko ta kai ƙara babu wanda zai saurare ta. Abin da ya cece ta shi ne wayarta, wadda ta bari tana naɗar murya ba da saninta ba. Aka ji maganar daga bakinsa, Adam ya tsaya mata, aka ɗauki mataki.

A ganina nan ne tatsuniyar take. Dogon saurayi ana samunsa a kowace unguwa. Abin da ke da wuya shi ne mace ta faɗi abin da aka yi mata, hujja ta faɗo mata a hannu, mai iko ya yarda nan take ba tare da ya tambaye ta me ya kai ta ɗakin ba. Wannan shi ne abin da mata da yawa ke saye idan sun sayi littafin, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

A sana'armu akwai abin da ya koya mini darajar hujja. Duk layin da aka rubuta a manhaja, rumbun aikin yana ajiye sunan wanda ya rubuta da ranar da ya rubuta. Na taɓa zama a wani taro inda aka yi ta yaba wa wani abokin aikina a kan gyaran da na kwana biyu ina yi, shi kuma ya yi murmushi ya karɓa. Ban ce uffan ba, na buɗe tarihin aikin a allo, magana ta ƙare. Amma maganar da aka gaya miki a lungun ofis fa? Ko baƙon da ya shigo ya dube ki ya ce yana neman injiniyan ne? Waɗannan babu rumbun da ke ajiye su. Kuma abin ba yau ya fara ba. Jocelyn Bell Burnell tana ɗaliba ta gano wani sabon nau'in taurari a 1967, amma da aka tashi ba da kyautar Nobel a 1974, malaminta Antony Hewish aka ba tare da Martin Ryle. A 1993 masaniyar tarihi Margaret Rossiter ta raɗa wa wannan ɗabi'a ta danne aikin mata suna, don yawan faruwarta.

Wani littafin ya nuna ɗaya gefen lamarin. Lessons in Chemistry na Bonnie Garmus, wanda ya fito a 2022, labarin Elizabeth Zott ne, masaniyar sinadarai da aka kora daga aiki ta koma koyar da girki a talabijin a shekarun 1960. A Amurka an yi masa bango mai haske da zanen fuskar mace, irin na littattafan soyayya. Masu neman dariya suka saya, suka ci karo da fyaɗe da mutuwa tun a farkon littafin, ransu ya ɓaci. Wasu kuma suka ce saura kaɗan su ƙi taɓa shi saboda bangon, don ba sa karanta "irin waɗannan". Wannan magana ta biyu ita ta fi ba ni tunani. Ashe a wajen mutane da dama, da zarar an ga alamar soyayya da raha, an gama yanke hukunci cewa babu hankali a ciki.

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan hukunci. An daɗe ana yi wa littattafan soyayya na Kano kallon abin ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a 2007. Alhali a cikinsu ne marubuta irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu suka yi ta maganar karatun 'ya mace da auren dole, a lokacin da ba kowa ke son ji ba. Ƙorafina ga littattafanmu na yanzu, waɗanda muke karantawa a waya, shi ne aikin jarumar ya zama kwalliya kawai. Za a ce Dakta ce, a bayyana motarta da lefenta dalla-dalla, amma har littafin ya ƙare ba mu ga ta duba mara lafiya ɗaya ba.

Labaran kuwa suna nan a gabanmu. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero sai da ta yi aure ta haihu sannan ta shiga jami'a, ta zama masaniyar kimiyyar sararin samaniya, ta samu kyautar Gidauniyar Elsevier a 2015. Irin wannan rayuwa akwai soyayya a cikinta, akwai surukai, akwai abin dariya, akwai daren da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Ina so in karanta littafin Hausa da jarumarsa za ta yi aiki a gabanmu, ta yi kuskure a lissafi ta gyara, ta so wani, ta ba mu dariya. Idan kuma aka zalunce ta, ina so marubuciyar ta hana ta wayar Olive. Ta bar ta da bakinta kawai, kamar yadda yawancinmu muke, mu ga wanda zai yarda da ita.