Tagar Gidan Gado



Mu da muke riƙe wa dattawa alƙalami a Garwa, ƙorafi guda muke yawan rubutawa a 'yan shekarun nan: tsofaffin gidajenmu na Hausare sun daina ba da barci. Daga Maris zuwa Afrilu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya cika ɗaki da ƙura, ƙarar babura da janareto kuwa ba ta san dare ba. Sai magada su ce a fasa bango, a faɗaɗa taga, a sa gilashi.

Muna roƙon a dakata. Dokar tsara birane ta Kamaru, ta ranar 21 ga Afrilu 2004, ta wajabta neman izinin gini ko a tsohon gida, muddin aikin zai sauya fuskarsa ta waje. Kafin ita ma, Risala da muka karanta a gaban malamanmu ta hana buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci. Wanda ya fasa bango da garaje na iya haɗa kansa da hukuma da maƙwabci a rana ɗaya.

Kakanninmu ba da rowa suka ƙanƙanta taga ba. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Faffaɗan gilashi kuwa kiran rana yake yi har tsakar ɗaki.

Maganin yana daga ciki, inda ba ya taɓa fuskar gida. Ƙara, kamar ƙura, kafa take bi, don haka a toshe gefen ƙyauren taga da robar tsohon tif. Kafinta ya ƙara ƙyaure na biyu ta ciki, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, domin iskar da ke tsare a nan ita ke rage zafi da hayaniya. A rataya labule mai kauri, a saki asabari ta waje. A rufe da hantsi, a buɗe bayan isha'i idan titi ya lafa. Wanda ke da darbejiya ta yamma da ɗakinsa kada ya sare ta.

Kuɗin wannan bai kai na fasa bango ba, kuma gidan zai isa ga jikoki da kamarsa. Allah Ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya.