Tsakanin roba-roba da Roadmaster

Mu da muka yi ƙuruciya a Kazaure tun tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, da ƙarar babur muke gane ma'aikaci tun bai ɓullo kwana ba. Malaman firamare da malaman gona yawanci Suzuki ko Yamaha suke hawa, masu siririyar murya da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Vespa ta 'yan kasuwa ce da masu son ado. Honda Roadmaster kuwa na manya ne, salansa biyu, murya ƙasa-ƙasa, idan ya tsaya a ƙofar gida sai yara mu kewaye shi muna leƙa fuskokinmu a jikin tanki. Iyayenmu sukan ce tun ƙarin albashin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, babura suka yawaita a hannun ma'aikata. Kawuna yana cikin waɗanda suka hau Roadmaster, kuma babu abin da na fi kwaɗayi a lokacin kamar in girma in hau irinsa.

A 2008 aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Roni, can bayan Amaryawa. Mota ba kullum take shiga ba, kuɗin acaɓa safe da yamma kuma sai ya cinye albashi. Na shiga adashi, na haɗa da kuɗin tumaki biyu da mahaifiyata ta sayar, aka ce to saura zaɓi. Keke kawai na iya. Ban taɓa matsa kuloci ba.

Shawara ta zo ta ko'ina. Abokaina na cikin gari suka ce roba-roba, tunda ba shi da kuloci a hannu, ka taka giya kawai ka murɗa totur, ga shi ba ya shan mai. Gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar mai zirga-zirga ce daga Kanti zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, kwalta zuwa kwalta. Ni kuwa zuciyata tana kan wani Roadmaster na hannu da aka ce ana sayarwa a Ɗambatta. Na je wa Kawu da maganar ina tsammanin zai ji daɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ni ma ba da shi na fara ba. Tashi mu je wajen makanikena."

Makaniken dattijo ne, rumfarsa a bakin hanyar Daura, hannunsa baƙi ƙirin da baƙin mai. Bai tambaye ni nawa na tara ba. Akwai mashina uku da aka kawo gyara, sai ya sa ni na hau kowanne na dire ƙafafu. Daga nan ya kwantar da Roadmaster ɗin Kawu a hankali kan wata tsohuwar taya, ya ce, "Malam, ɗaga shi kai kaɗai." Na ɗaga, amma da kyar, jijiyar wuya a waje. Ya ce in tura shi zuwa wata bishiyar darbejiya in dawo. Da na dawo ina haki ya ce, "To haka za ka yi ranar da ƙaya ta huda maka taya a daji, kuma mai faci yana gari na gaba. A rairayi ne ma, ba a nan ba."

Har yau ban ga wanda ya bayyana al'amarin a taƙaice kamarsa ba. Roadmaster silinda biyu gare shi, inji ya kusa sisi 200, nauyi ya haura kilo 120. A hanyar Kano babu kamarsa, yana zaune daram ko babbar mota ta wuce ka da iskarta. Amma sabon hannu ba a kan kwalta yake faɗuwa ba, ya fi faɗuwa wajen tsayawa da juyawa da tashi, inda nauyi ke rinjayarsa kafin ƙafa ta kai ƙasa. Roba-roba kuma cikinsa kusa da ƙasa yake, tayoyinsa sirara, jikinsa roba. Ƙasar Roni ga dutse ga tsakuwa ga kwazazzabai da damina, ko'ina akwai abin da zai doki ƙasan injin. Abin da ya rage shi ne na tsakiya, mai sisi 100 zuwa 125: dogo daga ƙasa, giya huɗu, kuloci a hannu, nauyin da bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

A wancan lokacin Jincheng ne ya cika arewa. Ƙirar Suzuki AX100 ce da ake haɗawa a ƙasar Sin, kuma wannan ne ya sa dattijon ya nuna mini shi: duk makaniken ƙauyen da ya taɓa kwance Suzuki zai kwance shi, filogi da sarƙa da wayar kuloci kuma suna rataye a kowane shago daga Kazaure har Ɓaɓura. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya fara shigowa, ya fi shi tattalin mai, sai dai kayansa ba su riga sun kai ƙauyuka ba. Muka je Fagge a Kano muka sayi sabon Jincheng, yaron makaniken ya tuƙo shi ina goye a baya.

A filin ƙwallon wata makaranta na koya, bayan la'asar. Sakin kuloci a hankali shi ne karatun farko, kuma injin ƙarami yana yafe wa mai koyo: in ka saki da gaggawa sai ya mutu kawai, ba zai fizge ka ya haɗa ka da katanga ba. Rairayi kuwa hanya ce ta koya mini, ita da wani ɗan acaɓa da muke haɗuwa da safe. Shi ya ce in bar birkin gaba sam in na shiga yashi, in zauna a giya ta biyu, in ja jiki baya, kada in sassauta totur ko da kan mashin yana rawa, in kuma riƙa kallon inda zan fita. Da damina, in kwari ya kawo ruwa, mukan jira ya ja, mu kama mashin mu biyu mu tsallakar. Da Roadmaster ne sai mutum huɗu.

Jincheng ɗin ma yana da ɗawainiyarsa. Injinsa irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, dole ka riƙa duba ɗan tankin man gefe, ka goge filogi, ka wanke abin tace iska saboda ƙurar hunturu. Litar fetur tana naira 65 a lokacin, shan mansa bai dame mu ba.

Daga baya na karanta cewa a Ingila mai koyo ba ya wuce sisi 125 sai ya ci jarrabawar tuƙi, kuma a ƙasashen Turai lasisin babur hawa-hawa ne, ana ƙara wa mutum ƙarfin inji gwargwadon shekaru da ƙwarewa. Abin da suke ɗauka matsakaici a can, mai sisi 500 ko 650, a nan dodo ne. Mu ba mu da wannan matakala a aikace. Dokar da na shaida ita ce ta hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa ranar 1 ga Janairun 2009, ba a jima ba aka watsar. Ni dai na ci gaba da sa tawa, domin na je jana'izar samarin da rauni a ka kaɗai ya kashe, sauran jikinsu lafiya lau. Bayan da aka hana goyo a babur a Kano a Janairun 2013, sakamakon harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, masu acaɓa da yawa suka dawo garuruwanmu da mashinansu, hanyoyi suka ƙara cika. Yanzu kuma ga masu sisi 150 da 200 a hannun yaran da ko gemu ba su fara ba, ana wasa da su ranar kai amarya. Abin yana tayar mini da hankali ƙwarai, kuma iyayen da ke saya musu nake gani da alhaki fiye da yaran.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu hayaƙi irin nawa suka ja baya, Boxer da ire-irensa suka mamaye ko'ina, kayansu ma har ƙauye. Da ɗan yayata ya sami aiki a wani asibitin karkara ya zo neman shawara, Boxer na ce ya saya, bayan na sa shi ya kwantar da na maƙwabcina ya ɗaga. Jincheng ɗina kuwa na sayar wa wani manomi a ƙasar Gwiwa, ya ƙara masa ƙarfe a baya yana kai riɗi kasuwa.