Shekara 43 A Ɗaki Guda: Labarin Albert Woodfox

Ran 19 ga watan Fabrairu na shekara ta 2016 aka buɗe ƙofar wani kurkuku a Jihar Louisiana, can kudancin Amurka, wani dattijo baƙar fata ya fito. A ranar ya cika shekara 69 da haihuwa. Sunansa Albert Woodfox. Daga cikin shekarun nan nasa, 43 da wata goma ya yi su ne kusan duka a kulle shi kaɗai, cikin ɗaki mai faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 9. Mai karatu ya auna da sawunsa ya gani, in ya yi taku uku ya kai bango.

Woodfox ba waliyyi ba ne, shi kansa bai taɓa cewa haka ba. A birnin New Orleans ya tashi cikin talauci, ya faɗa sace-sace tun yana yaro, har a 1969 aka ɗaure shi shekara 50 saboda fashi da makami. Ya tsere zuwa New York, aka sake kama shi. A tsare ɗin nan ne ya gamu da 'yan ƙungiyar Black Panther, watau Baƙar Damisa, masu neman 'yancin baƙar fata. Ya ga mutane a ɗaure kamarsa, amma suna karatu, suna raba abincinsu, suna duban gandiroba ido da ido. Daga nan tunaninsa ya sake.

A 1971 aka kai shi babban kurkukun jihar, wanda ake kira Angola. Sunan kansa tarihi ne, gama wurin a da gandun bayi ne, aka laƙaba masa sunan ƙasar Afirka da aka kwaso bayi da yawa daga cikinta. Faɗinsa eka 18,000, kogin Mississippi ya kewaye shi ta fuska uku. A zamanin nan fursunoni baƙaƙe da farare a ware suke, gandirobobi duk farare ne, akan kuma ba waɗansu fursunoni bindiga su tsare 'yan'uwansu. Ana kora mutane gonar rake a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, sa'an nan samarin da aka kawo sababbi, manyan fursunoni su yi musu fyaɗe, su mai da su abin ciniki.

A nan Woodfox da wani abokinsa, Herman Wallace, suka kafa reshen Baƙar Damisa. Ranar da aka kawo sababbin fursunoni sai su tarye su, su raka su har makwancinsu, don kowa ya san suna da masu tsaya musu. Suka riƙa wayar wa jama'a kai, suna shirya yajin aiki. To, an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar kurkuku ta riga ta ga abin da tawayen fursunoni ya jawo a Attica cikin 1971, sai ta sa musu ido.

Ran 17 ga Afrilu, 1972, aka tarar da gawar wani gandiroba farar fata, Brent Miller, ɗan shekara 23, an sassoke shi da wuƙa. Kashegari aka kulle Woodfox da Wallace a ɗakin kaɗaici. An sami zanen yatsa na jini a wurin, bai dace da na ko ɗayansu ba. Babban mashaidin gwamnati wani fursuna ne mai ɗaurin rai da rai, wanda daga baya takardu suka nuna ana ba shi katan ɗin taba sigari kowane mako, an kuma taimaka masa ya sami afuwa. Masu taya alƙali yanke hukunci a shari'ar Woodfox duk farare ne. Aka ɗaure su rai da rai. Na ukunsu, Robert King, ba ya ma Angola ranar kisan, amma da aka kawo shi a wannan shekara aka kulle shi tare da su, kana aka ɗora masa laifin kashe wani fursuna. Su ne duniya ta sani da Mutum Uku na Angola.

Yaya ake rayuwa a irin wannan ɗaki? Awa 23 a kulle, awa guda ta wanka da miƙe ƙafa. Woodfox ya ce wani lokaci yakan ji kamar bango na matso shi, numfashi ya gagara, sai ya yi ta kai da kawowa har abin ya lafa. Ya ga maƙwabtansa hankali ya gushe musu, wani ya yi ta kururuwa, wani ya yanka jikinsa. Duk kwana 90 wani kwamiti kan zauna duba batunsa, duk zama kuwa dalili ɗaya ake rubutawa, wai saboda abin da ya sa aka kulle shi tun farko. Ashe ƙofa ce da babu halin kirkin da zai buɗe ta.

Amma mutanen nan ba su miƙa wuya ba. Da yake gaban ɗakunan sandunan ƙarfe ne, murya na kaiwa, sai suka mai da layin nasu makaranta. Suna muhawara, suna koyon dokoki, suna yin dara irin ta Turawa ta hanyar kiran wasa da baki. Abinci a da ta ƙarƙashin ƙofa ake turo shi a ƙasa kamar na kare. Suka yi yajin ƙin cin abinci na kwana 45 kafin a yarda a huda ƙofofin. Suka kai ƙara a kan tuɓe su tsirara da ake yi don bincike, suka yi nasara. Woodfox ya koya wa wani fursuna karatu, ya kuma ce duk rayuwarsa babu abin da ya fi alfahari da shi kamar wannan. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rasuwar mahaifiyarsa a 1994, gama an hana shi zuwa jana'izarta.

An saki King a 2001 bayan shekara 29, ya shiga zaga duniya yana ba da labarin abokansa, ƙungiyar Amnesty International ta shigo cikin maganar. Matar marigayi Miller ita kanta ta fito ta ce ba ta gaskata su ne suka kashe mijinta ba. A 2008 kuwa shugaban kurkukun, Burl Cain, ya faɗa bisa rantsuwa cewa ko da Woodfox bai yi kisan ba, zai ci gaba da ware shi, domin har yanzu yana riƙe da aƙidar Baƙar Damisa. Kowa ya ji wannan ya san inda gizo ke saƙar.

Wallace ya fito ran 1 ga Oktoba, 2013, a motar asibiti, ciwon dajin hanta ya ci ƙarfinsa. Kwana uku ya yi a waje ya rasu. Shi kuwa Woodfox sau uku kotu na soke hukuncinsa, a 1992 da 2008 da 2013, na ƙarshen saboda wariyar launin fata wajen zaɓen shugaban kwamitin da ya tuhume shi. Gwamnatin jiha ba ta saki ba, ta shirya shari'a ta uku. Ganin tsufa da rashin lafiya, sai ya yarda ba zai yi jayayya da wata ƙaramar tuhuma ba, ba tare da ya amsa laifi ba. Da haka ya fita, ya je ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa.

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela, waɗanda suka hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Woodfox ya ninka wannan fiye da sau dubu. Shekara shida da ya samu a waje, ya ƙarar da su ne wajen yin magana a madadin waɗanda ya baro a ciki, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 2019. Cutar korona ta yi ajalinsa ran 4 ga Agusta, 2022, yana da shekara 75. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa bai kashe Brent Miller ba, mai zanen yatsan nan na jini kuwa, babu wata kotu da ta taɓa bayyana ko wane ne.