Na je Farm Centre musayar tabulet, na dawo da abina

Ranar Asabar ce, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gadar Wudil har ba ma hango masunta a ƙasa. Tun ƙarfe bakwai na safe ni da 'yar farina muka shiga motar Kano. A jakata akwai tabulet da na naɗe cikin tsohon ɗankwali, a asusuna kuma akwai naira dubu 150 na adashen da na kwasa a makon. Niyyata ɗaya ce: in je kasuwar waya ta Farm Centre, in ba da tabulet ɗin, in yi ciko, in karɓo laftof.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ya fito da ni cikin wannan sanyi.

A farkon 2024 na sayi tabulet ɗin, shi ma da kuɗin adashe. Lokacin dala ta haura naira 1,000, kayan waje duk sun yi tashin gwauron zabo, laftof ta fi ƙarfin aljihuna. Ranar da na ce wa surukata na sayo wa yara tabulet, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi, wa ye ba lafiya?" Ita a saninta tabulet ƙwayar magani ce. Muka sha dariya, amma ba a yi wata guda ba ita ma ta fara aiko jika a kunno mata karatun Alƙur'ani.

Ba zan ci amanar abin nan ba, ya yi mana rana. Ƙananan suna bitar hadda da shi, suna maimaita aya bayan mai karatu har ta zauna. Ni ina ɗaukar hotunan zannuwan gadon da nake sayarwa, in ga launinsu sosai a faffaɗan gilashi kafin in tura wa masu saye. Da aka yi ɗaukewar wutar nan ta watan Oktoban 2024, wadda ta bar jihohin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki, maƙwabciyata mai laftof ajiye ta ta yi a kan durowa. Mu kuwa ɗan fawa banki da shagon masu caji suka riƙe mu.

Matsalar ta taso ne bana, da Yayarsu ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Yarinyar nan ta yi bitar tsofaffin tambayoyi a tabulet har ta gode Allah. Sai aka kai su wata cibiya gwaji. Ta dawo ido jajur. Ta ce, "Umma, na san amsoshin, amma hannuna rawa yake yi a kan maus. Kafin in kai kibiyar inda nake so, na kusa da ni ya wuce tambaya uku." Shekara biyu tana shafa gilashi da ɗan yatsa, ba ta taɓa zama gaban kibod ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na dinga ce wa kaina araha ce ta ruɗe ni.

Daga Wudil zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 40 ce. Muka wuce Mariri, inda kasuwar goro take, muka sauka a Hotoro, muka tari Adaidaita Sahu. Farm Centre tana cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ba nisa da gadar Dangi, kuma duk ɗan Adaidaita ya san ta. Ba sai an ce miki kin iso ba. Tun daga bakin titi za ki fara ganin manyan lemomi, da tebura cike da caja da rigunan waya, da samari riƙe da waya bibbiyu suna tare masu wucewa: "Hajiya, saye ko sayarwa? Ko gyara ne?"

Cikin kasuwar lungu ne bayan lungu. Nan ƙarar janareta, can ƙaurin dalma daga teburin mai gyara, gaba kaɗan wani yana liƙa gilashin kariya a kan waya da natsuwa kamar mai zanen lalle. 'Yan POS a kowace kusurwa. Masu fura da masu awara suna ratsawa da kayansu a ka. Wani abin da ya burge ni shi ne yawan matasan da ke cin abinci a wurin. Yaro ɗan shekara ashirin zai buɗe cikin waya, ya ɗaga wani abu da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki, ya mayar, wayar ta kama. Wannan kasuwar ce gobara ta cinye shaguna masu yawa a cikinta ranar Babbar Sallar 2025. Har yanzu in kin zauna da 'yan kasuwar, hira ba ta nisa sai an ambaci ranar. Amma ga su nan, sun sake kasa kaya.

Shagon farko da muka shiga, na warware ɗankwali na miƙa tabulet. Mai shagon ya juya shi, ya duba bayansa, ya danna nan ya danna can, ya faɗi kuɗin da zai saya. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya ba. Na ce, "Haba Malam, ko ƙwarzane babu a jikinsa." Ya ce, "Hajiya, ba jikinsa ake saye ba, shekarunsa ake saye." Shago na biyu da na uku duk kusan bakinsu ɗaya. Nan na koyi darasin farko: ƙaramin tabulet mai araha ba kadara ba ne. Ranar da kika fitar da shi daga kwali, ranar ya fara zubar da kuɗinsa.

Laftof kuma, sababbi ko tayawa ban yi ba. Na hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Landan yus, su ne aka jera kamar litattafai a kan kanta. Mai kyau a cikinsu, ko na haɗa adashena da kuɗin tabulet sai na nemo ciko. Wadda kuɗina ya isa kuwa, da aka zare mata caja ba ta yi minti ashirin ba ta mutu. A gidan da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, wannan ai akwati na saya.

Gajiya ta sa muka zauna a bencin wani mai gyaran kwamfuta, dattijo-dattijo, da tabarau a kan karan hanci. Ya ga yarinyar ta yi tagumi, ya tambayi abin da ke tafe da mu. Na zayyana masa. Bai ce mini ga wadda ta fi ba. Tambaya ya yi: "Hajiya, wa zai zauna a gabanta, kuma me zai yi da ita?"

Na ce jarrabawa. Ya ce, "In jarrabawa ce kawai, hannunta ne bai saba ba, ba kanta ba." Ya jawo wani ɗan abu mai baki uku ya soka a wurin cajin tabulet ɗina, ya jona kibod da maus masu waya irin na ofis. Sai ga 'yar kibiya ta bayyana a gilashin. Yawancin tabulet masu Android suna karɓar wannan haɗin, sunansa OTG, amma ya ce a riƙa gwadawa kafin a biya, don akwai waɗanda ba sa karɓa. Ya ce da ita, "'Yata, matso ki gwada." Ta matso a ɗarare. Ya kuma nuna mata abin da ban taɓa sani ba: a jarrabawar JAMB ana iya amsawa da kibod kaɗai. A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S in an gama za a miƙa. Ta yi tambaya goma a gabanmu. A ta goma na ga kafaɗunta sun sauko.

Na ce, "To ke nan laftof ba ta da amfani?" Ya yi dariya ya ce kada in yi saurin yanke hukunci. Ya ce tabulet na kallo ne da sauraro da karatu, laftof kuwa ta aiki ce. Ranar da yarinya ta shiga jami'a, aka ce ta rubuto aiki mai shafi talatin, da jadawali da lissafi, ko ta koyi rubuta manhaja, ko ta buɗe takardu uku a lokaci guda tana kwatantawa, ranar tabulet irin nawa zai nuna iyakarsa. Akwai manhajojin karatu da yawa da sai a Windows suke aiki. Sannan laftof ta fi karɓar gyara. A yawancin na hannun nan ana sauya batir, a sauya kibod, a ƙara ma'ajiya. Tabulet kuwa in gilashinsa ya fashe, wani lokaci kuɗin gyaran sai ya kusa kamo kuɗin sabo, in ma an sami gilashin.

Tun da na riga na zo, na ce ya koya mini yadda ake duba ta hannu, don ranar da zan dawo. Na rubuta a bayan rasit, ga shi ina ba ku.

Ki sa a zare caja, ki zauna ki ga yadda batirin ke sauka, kada ki yarda da "yana awa biyar" na fatar baki. Ki sa a buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ki gwada kyamara da lasifika da duk ramukan da ake jona abu. Ki buɗe ki rufe murfin sau da yawa, ki ji ko maɗaurinsa ya saki. Ki nemi mai RAM 8 da ma'ajiya irin ta SSD, ko da 256 ce, don ita ke sa kwamfuta tashi da sauri. Ki tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma a ƙa'ida cikin injinan Intel sai na zubi na 8 zuwa sama ke ɗaukar sabuwar. A ƙarshe ki karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar, a kuma rubuta kwanakin da za ki iya mayarwa in ta ba da matsala. In za ki je, ki tafi da wanda ya san kan abin. Siyan nagari mayar da kuɗi gida.

Ga mai son tabulet ma ya ba da nasa. Ki duba ko yana ɗaukar layin waya ko sai da Wi-Fi, don da yawa sai sun je gida suke ganewa. Ki guji wanda Android ɗinsa ya tsufa, ko da an yi masa ado da riga mai kunnuwan zomo an ce na yara ne. Ki saya masa riga mai kauri da gilashin kariya a ranar, kafin ya shiga hannun auta. Ni kuma na ƙara nawa: ki ɗora manhajar Family Link ta Google, ki ƙayyade lokaci da abin da za a kalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban gilashi, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Tabulet ya fi laftof sauƙin shiga ƙarƙashin bargo, wannan kuwa kowace uwa ta sani.

Muka sayi kibod da maus da ɗan abin haɗin, duka ba su ci kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da na zo da shi ba. Na ba dattijon na goro, ya ƙi karɓa, sai da na ce na fura ne. Muka yi sallar Azahar, muka ci awara a tsaye, muka kama hanya. A mota yarinyar ta rungume kwalin kibod a ƙirji har Wudil, tana danna haruffan ta cikin leda.

Da muka isa gida, Abbansu ya ga na fito da tabulet daga jaka, ya ce, "Ina laftof ɗin?" Na ce tana Kano tana jiran sakamako. Ragowar kuɗin na mayar asusu, na kuma shiga wani adashen da zan kwasa daidai lokacin da ake fara ba da gurbin karatu.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? In don abin da na saye shi ne, wato haddar ƙanana da 'yar sana'ata da gidan da wuta ba ta zama, ta biya har da riba. Kuskurena shi ne zaton da na yi cewa abu ɗaya zai ɗauki yaro tun daga ajin farko har jami'a. Da a ce babbar ce kaɗai gare ni, kuma tana dab da gama sakandare, da haƙuri zan yi in ƙara tari in sayi laftof ta hannu mai lafiyayyen batir. 'Yar'uwa, kafin ki kwashi adashenki ki nufi kasuwa, ki zauna ki amsa tambayar dattijon nan tun a gida: wa zai zauna a gabanta, me kuma zai yi da ita?

Yanzu kullum bayan sallar Isha'i, daga ɗakin yara ina jiyo ƙas-ƙas ɗin kibod. Jiya ta ce mini ta gama tambaya 40 da ragowar lokaci. Auta kuma yana tsaye a kanta, yana jira ta tashi ya zare wayoyin ya koma haddarsa.