Farfesa Umaru Shehu da Zamanin Duba-Gari

Waɗanda suka manyanta za su tuna lokacin da jin an ce duba-gari ya shigo unguwa yakan sa mata su zabura su rufe randa, a share tsakar gida, a zuba toka a bakin masai, domin mutumin zai leƙa har kwatami da rijiya, kuma in ya ga ƙazanta mai gida ne zai amsa kira. Yau kwata ta toshe a ƙofar gida, mun tsallake ta mun nufi kemis.

A wancan zamanin Umaru Shehu ya taso. An haife shi a Maiduguri a 1930, ya yi Midil a can, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya shiga jami'ar Ibadan a 1948, shekarar da aka buɗe ta, ya ƙarasa likitanci a Ingila. Likita ɗan Arewa a lokacin ƙirga su ake da yatsu, da ya so da ya zauna a ofis ana layi a ƙofarsa. Sai ya zaɓi fannin lafiyar al'umma, aikin ruwan sha, shara, lamba da riga-kafi, wanda in ya yi kyau ba mai gode maka, tunda ba wanda ya kwanta. Shi ya fara shugabantar wannan sashe a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yara ku tambayi kakanninku tabon da ke damtsensu. Da wannan lambar aka kori agana, cutar da ba ku taɓa gani ba.

A 1978, shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa, aka tura wannan Babarbaren ya shugabanci jami'ar Nsukka a ƙasar Ibo, kuma ya je. Yanzu kuwa a jami'o'i da dama sai an tambayi ƙaramar hukumar mutum kafin a duba takardunsa. Daga nan ya yi shekaru yana aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Da rigimar shan-inna ta tashi a 2003, Kano ta dakatar da ɗigon riga-kafin, dattijon yana cikin waɗanda suka tsaya suna shaida cewa maganin ba shi da illa. Abin takaici, a mahaifarsa Borno cutar ta yi ɓuyanta na ƙarshe, a 2016, inda rikici ya hana masu riga-kafi shiga. Allah ya ja kwanansa har ya ga an ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020.

Ya rasu a Oktoban 2023 yana da shekara 92, Allah ya jiƙansa. Akwai asibiti mai sunansa a Maiduguri. Duba-gari kuwa, ban san unguwar da yake zagayawa yanzu ba.