Harshen Maƙwabci: Farali Ne Ko Ganin Dama?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya bambancin harsunanmu cikin ayoyinSa, kamar yadda ya zo a Suratur Rum. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyaye, kwanakin baya bayan an tashi daga karatun yamma, mahaifin wani ɗalibina, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya tsayar da ni a ƙofar makaranta. Ya ce, "Malam, yaron nan naka ya zo mini da magana, wai a makarantar boko an ce sai sun yi Faransanci. Ga Hausa, ga Turanci, ga Larabci a wurinku, yanzu kuma a ƙara masa wani yaren Nasara? Ni dai gara a bar shi da abin da zai amfane shi gobe kiyama." Na ce, "Alhaji, ka yi mini uzuri, magariba ta kawo jiki, amma zan ba ka amsa a rubuce." To, ga amsar.

Wannan magana ba yau ta fara ba. Tun a 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, ban da harshen gidansu. A farkon shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno. A 1996 kuma Janar Sani Abacha ya yi shelar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, daga nan aka shigar da shi cikin darussan dole a takarda. Hujjarsu ita ce duk ƙasashen da muka haɗa iyaka da su, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, da Faransanci suke aiki. Irin wannan hujja ce ta sa makarantun Amurka da yawa suke koyar da Sifaniyanci, saboda maƙwabciyarsu Meziko.

Ni kaina ina cikin yaran da wannan doka ta hau kansu. A ƙaramar sakandaren da na yi a nan cikin birni, Faransanci yana nan a jadawalin darasi duk ranar Talata. Amma cikin shekara uku, zango ɗaya tak muka ga malami, wani ɗan bautar ƙasa, shi ma da ya tafi shi ke nan. Abin da na tsira da shi bai wuce gaisuwar safe da "na gode" ba. Kuma wallahi ban damu ba, domin a lokacin ina ganin yaren kafirai ne, babu abin da ya haɗa almajiri da shi. Na koma karatun Larabci da wannan ra'ayi, har na fara koyarwa ban sauya ba.

Abin da ya karya mini wannan girman kai a Damagaram ya faru. Na raka kawuna gaisuwar mutuwa, muka bi ta Daura da Kwangwalam. Kwana biyu da isarmu zazzaɓi ya kayar da shi. Likita ya yi mana bayani da Hausa tsaf, amma takardar magani da kwalayensa duk da Faransanci suke. Da dare ya yi, jiki ya tsananta, sai na rikice: ƙwaya nawa aka ce, kafin abinci ko bayansa? Ga ni na karanta Alfiyyar Ibn Malik, na karanta Maƙamatul Hariri, amma na riƙe 'yar takarda kamar makaho. Wani yaro na gidan, bai fi shekara goma sha uku ba, shi aka taso daga barci ya karanta mana. Da na tambaye shi inda yake karatu, sai ya ce makarantar Faranko-Arab, inda ake haɗa Larabci da Faransanci. Na jarraba shi da Larabci, ya mayar mini da jawabi babu gargada. Daren nan kunya ta hana ni barci fiye da ciwon kawu.

Da na dawo gida na tuna abin da muke karantawa kullum ba mu lura ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuma rubuta musu amsa, kuma ya koya cikin kusan rabin wata. Ashe ke nan harshe ba shi da addini, kayan aiki ne kamar alƙalami. Amma ku lura, ba a tara dukkan sahabbai an ce su koya ba. An zaɓi mai kaifin basira, ya ɗauke wa jama'a nauyi.

A nan ne nake ganin fiƙihunmu ya raba gardama. Akwai farali ainihi, wanda yake kan kowa, akwai farali kifaya, wanda idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura. Larabcin da yaro zai gyara sallarsa da shi yana kan kowa. Hausa, da boko da ajami, ita ce tushe, domin wanda bai iya karatu da harshen uwarsa ba zai sha wuya a na wasu. Ko a Nijar, a 2025 an mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama na aiki. Turanci kuwa lalura ce, da shi ake jarrabawa, da shi ake cika takardar asibiti da ta banki. Faransanci, a ganina, kifaya ne. Garin kasuwa irin Kano bai kamata ya rasa masu jin sa ba, a ba kowane yaro damar ɗanɗanawa, mai basira a ƙarfafa shi. Amma wanda zai ce dole, to dolen ta fara hawa kansa: ya kawo malami da littafi. Tilas babu malami yaudarar yara ce, ni shaida ne.

Sai dai kada mu malaman Islamiyya mu wanke kanmu. Yaranmu suna haddace Arba'una Hadisi, suna biya Ahalari da Ishmawi, amma nawa ne cikinsu za su iya tambayar hanya da Larabci a Makka? Mu ma mun wajabta harshe, sannan mun tsaya a hadda. Yaron Damagaram bai fi yaranmu ƙwaƙwalwa ba, magana da harshen ake yi da shi a aji. Don haka na ɗauki alkawari, minti goma na farkon darasina babu mai yin Hausa, ko da kuwa za a yi ta kuskure ana dariya.

Saboda haka, Alhaji, shawarata kada ka hana shi. Ka tambayi makarantar ko akwai malamin da gaske. In akwai, ka bar shi ya koya, amma kada ya taɓa lokacin Alƙur'aninsa. Baƙin da suke sayen atamfa a shagonka daga Chadi da Kamaru, wata rana shi zai karanta maka takardunsu.

Ku kuma ɗalibai, duk harshen da kuka samu malaminsa ku riƙe shi da niyya mai kyau. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.